Allon Baba a Cikin Akwati

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu. Baba ya riga mu ranar Alhamis da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Mahaifin maigidana ne. Shekara ashirin da biyu ina aure a gidansa a Faskari ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Karatuna aji huɗu ne, wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Ina rubutawa ne don kada a manta shi, mu kuwa mun riga mun ga yadda mantuwa take.

Ban yi kuka ba. Har yau ban yi ba. Na hura wuta, na wanke kwanuka, na shimfiɗa tabarmi. Mata na shigowa suna cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Bakin ne ke amsawa, ni ina can gefe.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Ketare a kan babur bayan an dawo daga maƙabarta. Tun daga ƙofa take faɗin, “Ya riga ni. Komai sai ya riga ni, har wannan.” Ta zauna bakin rijiya da takalmi ɗaya a ƙafa. Liman, abokinsa tun ƙuruciya, ya ja addu'a ya kai tsakiya ya tsaya, sai wani ne ya ƙarasa. Tsofaffin da suka yi aikin malamin gona tare da shi a Daudawa suka cika zaure suna hirar auduga, don ba su san wata hirar da za su yi ba. Wata mata daga Ruwan Godiya, da goyo a bayanta, ta riƙe hannuna ta ce, “To yanzu wa za mu riƙa gaya wa?” Na ce da godiya. Ba amsar tambayarta ba ke nan, amma ita ce a bakina.

Ana kiran la'asar sai muka ji shi daga ɗakin Baba. Ti-ti-ti. Ti-ti-ti. Wata baƙuwa ta ce, “Wayar wa aka bari?” Gwaggo ta ce, “Ba waya ba ce. Allon nan ne, yana kiransa shan magani.”

Ba wanda ya je ya kashe shi, don ba hanya. Yaya Babba, wan maigidana, tun kafin a ɗauki gawa ya tattara kayan Baba, riguna da carbi da tabarau da rediyo da allon, ya zuba a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo. Ya ce, “Ko allura ba mai taɓawa sai ranar rabo. Haƙƙin magada ne.” Haka ake yi, kuma daidai ya yi. Ban ga laifinsa ba a ranar, ban gani ba yau.

Bari in gaya wa wanda bai san allon ba. Wata 'yar na'ura ce mai launin toka, faɗin tafin hannu, da gilashi a fuska da tsinke da ake rubutu da shi. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto. Rubutu kawai take riƙewa, ta kuma yi ƙara in lokacin da aka sa mata ya yi. Mu muka sa mata suna allo, saboda yadda Baba ke ɗora ta a gwiwa ya sunkuya. Wani mai kayan gwanjo ne ya kawo su Funtuwa cikin kwali, shekarar da aka kawo ni gidan, ya ce Turawa sun gaji da su. Kuɗin ɗaya bai kai na ɗan akuya ba. Su uku suka saya a unguwarmu. Na hedimasta bai yi wata biyu ba, ya sa shi a aljihun baya ya hau babur. Mai kemis ya kwana bakwai yana zuba lambobin mutane a nasa, sai wata rana ya cire baturan ya ara wa tocila, da ya mayar ya tarar ba ko harafi ɗaya. Ya ba yara suka yi wasa da shi. Daga nan duk sanda ya ga Baba sai ya ce, “Malam, har yanzu kana kiwon mai mantuwar nan?” Baba ya ce, “Ba ya mantuwa. Kai ka bar shi da yunwa.”

Lalurar allon ke nan. Ƙananan batura biyu yake ci, in suka mutu a ciki aka bar shi, duk abin da ya riƙe ya tafi. Shi ya sa duk safiyar da aka ce wata ya tsaya, Baba zai shimfiɗa farin hankici a tabarma, ya ɓare sababbin batura ya jera, ya yi bisimilla, ya canza da sauri kamar mai cire tuwo daga wuta. A wannan ɗan lokacin ko sallama aka yi ba ya amsawa sai ya rufe murfin. Daga nan sai ya karanta duk abin da ke ciki da babbar murya, daga farko har ƙarshe, don ya tabbata ba abin da ya zube. Zana ce kawai tsakanin rumfarsa da madafata. Ina tankaɗe, ina ji. Kowane wata, shekara ashirin da ɗoriya.

Tsinken ya ɓace tun da daɗewa, ya fiƙe wani da icen aduwa. Da manyan wayoyi suka zo 'ya'yansa suka haɗu suka sayo masa ɗaya. Ya juya ta ya ce, “Wannan kowa ya ga dama ya kira ya shigo. Nawa ba mai shiga sai ni.” Ya ba Gwaggo ita.

Abin da yake rubutawa ba lambobi ba ne. Wa ya sha nonon wa, shi ke nan. A wurinmu mace ta tafi gona ko ta kwanta ciwo, maƙwabciya ta ɗauki jariri ta ba shi, ba wani abu ba ne. Amma a addini yaron nan ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. Mata sun sani, mata kuma na mutuwa da abin da suka sani.

Dalilin Baba kowa a dangi ya san shi. Shi ya ɗaura auren ɗiyar ƙanensa a Ƙanƙara, shi ne waliyyi. Suka haifi biyu. Sai wata tsohuwa, tana kan ciwon ajali, ta ce ita ta shayar da mijin da matar duka biyun suna jarirai. Aka raba auren. Da aka bincika sai ga shi Gwaggo ta san da maganar tun farko. Baba ya same ta har Ketare. Ta ce, “Ai ba a tambaye ni ba.” Ya ce, “Sai an tambaye ki wuta ta kama?” Damina biyu ba su yi magana ba. Ranar da suka shirya ma ba wanda ya ba wani haƙuri. Ya aika mata da irin gyaɗa, ta aiko masa da daddawa, shi ke nan. Tun daga lokacin ya fara rubutawa a littafin 'yan makaranta, gara ta cinye rabi, sannan Allah ya kawo allon.

Mata ba sa iya gaya wa namiji irin wannan magana. Da, Inna suke gaya wa, matarsa, ita ta kai masa. Da ta rasu sai suka dawo kaina. Ni kuwa ina zan iya kallon surukina in ce nono? Sai na samo dabara. In ɗebi tsaba in tsaya bayan zana ina watsa wa kaji, in ce, “Ke kaza, kin ji matar mai niƙa ta ba ɗan maƙwabciyarta jiya, har sau biyu?” Sai in ji ƙwas, ƙwas, tsinke a kan gilashi. Wani lokacin ya yi gyaran murya ya ce, “Kaza, a tambayo mani wace maƙwabciyar, ta gabas ko ta yamma.” In ce, “Ta gabas, kaza, mai haƙorin Makka.” Ya ce, “Kazar nan ta fi wasu mutane hankali.” Iyakar yabon da ya taɓa yi mani ke nan, kuma ya ishe ni.

Liman yana cewa shan nono sau ɗaya ma ya haramta aure. Wani matashin malami da ya dawo daga karatu ya ce sai an kai biyar. Suka yi ta yi a zaurenmu wata ranar Juma'a har shayi ya huce. Suka ce Baba ya raba. Ya ce, “Ni malamin gona ne. Nawa in rubuta abin da aka shuka, da ranar, da yawansa. Ku ku yi gardamar girbi.” Shi ya sa kowane layi nasa sai da adadi.

Akwai layina a ciki. Da na haifi ta fari zazzaɓi ya kama ni, aka kai ni asibiti Funtuwa, kwana goma sha ɗaya ban san inda nake ba. Daga baya aka gaya mani kullum sai Baba ya zo ya zauna gindin bishiya a ƙofar ɗakin mata, bai taɓa shiga ba, ya ba da kunu a miƙa, la'asar ta yi ya koma. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Jaririyar kuwa a gida aka bar ta, maƙwabciyarmu ta riƙe ta. Kowane farkon wata ina jinsa, layi na goma sha huɗu: “Ta fari ta gidan nan, ta sha na matar mai gyaran keke, kwana goma sha ɗaya.” Mutanen nan sun tashi daga Faskari yarinyar ba ta fara tafiya ba. Muka ji sun koma Sabuwa, daga baya muka ji matar ta rasu. Inna da ta miƙa mata jaririyar ita ma ta rasu. Maigidana lokacin yana asibiti tare da ni, kuma shi ba mai zama sauraren karatun allo ba ne.

Ranar Lahadi, kwana huɗu kafin rasuwar, dattawa uku suka zo daga Sabuwa neman auren ta fari. Yaron malamin firamare ne, a wani biki a Daudawa suka haɗu. Yarinyata tun da ta san shi wanki ma da waƙa take yinsa. Ina bayan ƙofar zaure da kwanon ruwa na ji Baba ya ce, “Iyayen yaron fa?” Baffansa ya ce duk sun rasu, shi ya riƙe shi. Ya ce, “Ubansa mai gyaran keke ne. Ai sun ma taɓa zama nan Faskari, can da daɗewa.”

Ruwan bai zube ba. Na tsaya ina kallonsa a cikin kwano.

Baba ya ce, “Ku ba ni mako guda. Zan duba.”

Da suka tafi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Shi ya zo bakin zana, na ji tsaba na zuba a ƙasa. Ya ce, “Kaza, ke ma kin ji abin da na ji. Juma'a zan je Sabuwa in tabbatar matar nan ce ta haife shi. Kafin nan a fara lallaɓa yarinya. Uwa ta fi iya wannan.” Ranar Talata ya faɗi wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Alhamis ya cika.

To, ga abin da ban gaya wa kowa ba sai daga baya. Sababbin batura biyu na kan tagar ɗakinsa, ya saye su yana jiran wata. Yaya Babba bai ɗauke su a kayan gado ba. Kullum na shiga shara sai na gan su. Wata ya tsaya kwana biyar bayan rasuwar. Na sani. Kalma ɗaya zan ce wa maigidana, shi ya ce wa wansa, a buɗe akwati a gaban liman a canza a rufe. Ba wanda zai ƙi. Na share ƙurar da ke gefen baturan na fito.

Ba cewa na yi na yanke shawara ba. Ban yanke komai ba. Ina dai tashi, in dafa, in kwanta. Yarinyata na zaune a rumfar kakanta tana ɗinkin zanen gadon da za ta tafi da shi, ta yi kuka kaɗan ta ci gaba da ɗinki. La'asar ta yi, akwati ya yi ƙara. A mako na biyu muryar ta fara dishewa. A na uku sai ka kasa kunne. Ranar kwana ashirin da uku aka kira salla, aka idar, ba a ji komai ba. Gwaggo, da ta ce ba za ta koma ba sai an yi arba'in, ta ce, “Shi ma ya haƙura.” Ta dube ni. Na ci gaba da tsince shinkafa.

Washegarin sadakar arba'in da safe aka fito da akwatin tsakar rumfa. Maza suka zauna, liman da magada da mai kemis, mu mata muna bayan zana. Baffan yaron ya zo ta'aziyya, ya kuma tuna masu cewa marigayi ya ce zai duba. Yaya Babba ya ce, “To a duba.” Ya danna, shiru. Maigidana ya ɗauko baturan taga aka sa. Gilashin ya kawo haske, yana neman a gaya masa ranar yau, kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Mai kemis ya karɓa ya juya ya danna nan ya danna can. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ya tafi. Duka.”

Liman ya ce inna lillahi a hankali. Yaya Babba ya ɗaga murya don ta ƙetare zana, ya ce, “To ba abin da ke rubuce. Cikin gida, akwai wadda ta san wani abu game da auren nan?”

Ina jin numfashin yarinyata a bayana. Gwaggo ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, ta ce ƙasa-ƙasa, “Ni waccan shekarar ba a tambaye ni ba. Ke ga shi an tambaya.”

Na duba tsakar gida ina neman kaza. Duk an yanka su a sadakar bakwai.

Sai na faɗa da bakina. Ban fara da nawa ba, na fara daga inda yake farawa. “Ɗan gidan mai fawa na biyu, ya sha na matar ladan, sau uku.” Daga bayana matar ladan ta ce, “Haka ne.” Na ja na biyu, na uku, da irin tsayawar da yake yi ya haɗiye yawu. Inda matar ke raye ta amsa, inda ta mutu ɗiyarta ta amsa. Na zo na goma sha huɗu na faɗe shi yadda na faɗi sauran. Sannan na ce, “Baba ya san da wannan, Juma'a ya so ya je Sabuwa. Ni ma na sani. Na san allon zai mutu a akwati, na bar shi.”

Baffan yaron ya cire hula ya riƙe. Ya ce matar wansa, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa tana da ɗiya a Faskari, shi ya ɗauka maganar sabo ce kawai. Ita ta haifi yaron, ba wata ba. Liman ya ce to magana ta ƙare, kwana goma sha ɗaya ba inda malamai suka saɓa. Aka yi fatiha. Ban san ta me aka yi ba.

Yarinyata ta naɗe zanen gadon da allurar a jiki ta shiga ɗaki. Kwana tara ba abin da ke tsakanina da ita sai ina kwana, lafiya lau. Maigidana bai ce mani komai ba game da baturan, har yau. Da ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

A rabon gado ba wanda ya so allon. Ya faɗo kason maigidana tare da tabarau, ya kawo ya ajiye a kan kwanukana.

Rana ta goma matar nan ta Ruwan Godiya ta dawo da goyonta. Ta tsaya tsakar gida tana duban rumfa, tana duban zana. Ta ce wancan makon ta kwana biyu a asibiti, ƙanwar mijinta ta ba yaron, ita dai ta ga ya kamata ta faɗa, ko da ba mai rubutawa. Ina neman abin da zan ce mata sai labule ya ɗaga. Yarinyata ta fito ta wuce ni, ta ɗauko allon da tsinken aduwa, ta je ta zauna a tabarmar kakanta ta ɗora shi a gwiwa. Ashe duk shekarun nan da take zama kusa da shi tana kallon hannunsa.

Ta ce wa matar, “Zauna, naki ne na ƙarshe.” Ba ta dube ni ba ta ce, “Umma, faɗi daga farko.”

Na tsaya a inda na saba tsayawa, bayan zana, ina faɗa, ina jin ƙwas, ƙwas. Muka yi goma sha uku. Na tsaya.

Ta ce, “Ina ji.”

Na ce, “Ta fari ta gidan nan.”

“Na rubuta. Kwana nawa?”

“Goma sha ɗaya.”

Ƙwas, ƙwas. Ta ja hanci sau ɗaya ta ce, “Na gaba.”

Allah ka yi wa Baba rahama, ka yafe masa, ka haskaka inda yake kwance, ka haɗa shi da Inna a gidan da ba a raba kowa da kowa. Ni kuma ka yafe mani kwana arba'in ɗin nan. An ce jibi ake duban wata. Na aika an sayo batura, suna kan taga, na wanke farin hankicin.